Wa Ya Ƙware?

"Fizgewa ya yi! Wallahi fizgewa ya yi, daga hannuna, ni da na haife ki!"

Mama ce ke faɗa, tana nuna min tafin hannunta kamar har yanzu shatin kofin na jiki. Mijina na tsaye a tsakiyar falonmu riƙe da ɗan jan kofin roba, ruwa na bin gwiwar hannunsa. 'Yarmu kuwa, wadda muke kira Ɗigo saboda ƙanƙantar da aka haife ta da ita, tana kafaɗarsa tana ta tari, idanunta sun kawo ruwa.

"Mama, ki yi haƙuri," mijina ya ce, "ƙwarewa take yi..."

"To sai me? Wane yaro ne ba ya ƙwarewa? Bakwai na haifa, bakwai na raina, babu wanda ruwa ya kashe!"

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na harare shi har sai da idona ya yi zafi, amma bawan Allah ko ta kaina bai bi ba. Kunnensa ya manna a bayan yarinyar yana sauraro.

Abin da ke ƙona min rai da shi ke nan. Mijina mai gyaran famfo ne, ni kuma ina tsokanarsa da Injiniya tun muna samartaka. Ina sonsa, Allah ya sani. Amma tun ranar da Ɗigo ta fara shan ruwa a kofi, mutumin nan ya hana ni sakat. In ta kurɓa ta yi tari, sai ya ajiye komai ya taso. Kofi tara ya sayo, mai baki, mai tsinke, mai hannu biyu. Yarinya ba ta isa ta sha ruwa ba sai ya saita waya yana ɗaukarta bidiyo.

"Gimbiya, akwai inda yake yoyo," haka yake ce min kullum.

"'Yata ba tanki ba ce, Injiniya!"

Ni malamar 'yan aji ɗaya ce, yara talatin nake juyawa kowace safiya. Wai ni za a koya wa yaro? Gaskiya ne sau biyu ana kwantar da Ɗigo a asibiti da ciwon ƙirji kafin ta cika shekara biyu. Mama ta ce fanka ce, na yarda fanka ce, har na daina kunnawa muna ta jiƙewa da gumi.

Ranar nan dai Mama ta yafa gyalenta ta dube ni.

"Ɗauko kayan yarinyar nan. Gidan da aka fizge min abu ba na barin jinina a ciki. In yana da kunya ya san hanya."

Na dubi mijina, ina jira ya ce wani abu da zai kashe wutar. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "To don Allah ki tafi da jan kofin, ya fi ƙaramin baki."

Na jefa kofin a jaka da ƙarfi na bi bayan uwata.

Washegari da hantsi mijina ya zo gidan Mama, cikin kayansa masu kyau, har da turare. Ya durƙusa a gaban Mama, kansa a ƙasa.

"Mama, na yi kuskure. Bai kamata in karɓi abu a hannunki haka ba. Ki yafe min."

Na ga fuskar Mama ta fara saki. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara lissafin inda na ajiye takalman Ɗigo.

"Amma Mama... don Allah in za a ba ta ruwa a zaunar da ita tsaye, kar a ɗaga mata kai..."

Innalillahi! Mama ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

A bakin get na tare shi.

"Kai wane irin mutum ne? Ba ka iya ba da haƙuri babu amma ba?"

"Gimbiya..."

"Kar ka Gimbiya ni! Saura ƙiris fa! Ƙiris ya rage in bi ka gida, ka zo ka ɓata komai saboda kofi!"

"Ba saboda kofi ba ne."

"To zaɓi, ni ko wannan haukan naka?"

Ya kalle ni. Idanunsa sun faɗa, da gani ba ya cin abinci. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo min.

"Na samo mana ganin likitar da ke duba haɗiyar yara, ranar Laraba. Ki kawo ta, sau ɗaya tak. In suka ce lafiyarta ƙalau, wallahi ba zan ƙara buɗe baki a kan ruwa ba har in mutu. Ke ce rabin raina, kin sani. Amma shekara goma sha biyu ina sauraron ruwa, na san ƙararsa in ya bi inda bai kamata ba."

"Ka ga, ka sake cewa amma!"

Na karɓi takardar don kawai ya tafi. Da ya juya na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana, ina jin haushinsa, ina kuma jin kewarsa, duk a lokaci guda. Wannan ma wani haushin ne daban.

A gidan Mama kowa ya zama ƙwararre. Yayata ta ce haɗama ce, yarinyar ta gado uban. Maƙwabciya ta ce a riƙa hura mata goshi. Matar kawuna ta ce haƙori ne. Ni dai ina tsakiya, kowa ya ja ni ta gefensa, ga Mama kullum da safe sai ta tuna min cewa fizgewa aka yi.

Ranar Litinin da la'asar Mama ta ɗora Ɗigo a cinya ta kafa mata babban kofi. Yarinya ta sha, ta sha, ko tari ɗaya.

"Kin gani?" Mama ta ce tana dariya. "Kira min mai famfon ki faɗa masa! A hannuna ko uhum ba ta yi ba."

Na yi murmushi, har na ɗauki waya. Sai Ɗigo ta miƙo min hannu ta ce, "Ummi..."

Wayar ta kusa suɓuce min. Muryarta a jiƙe ta fito, tana ɓurɓur kamar mai magana da ruwa a maƙogwaro. Na ɗauke ta na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na waiga don kar wani ya gan ni, sannan na yi abin da na fi wata takwas ina yi wa mijina dariya a kai. Na manna kunnena a bayanta.

Na ji shi. Wani ɗan ƙara can ciki, duk numfashi sai ya motsa.

Kafin wayewar Talata jikinta ya ɗau zafi. Na ce wa Mama gobe zan kai ta asibiti.

"Da ni za a je," in ji ta. "Ina so in ga idonsa lokacin da likita za ta ce lafiyarta lau."

Ranar Laraba muka sami mijina a kan benci tun kafin a buɗe ɗakin likita. Ɗigo na ganinsa ta fara zillo tana "Abba! Abba!" Ya gaida Mama, ta amsa da hanci.

Likitar mace ce mai sanyin magana. Ta tambaye ni tun yaushe abin ya fara, na fara kame-kame. Sai Injiniya ya miƙa mata waya. Bidiyo arba'in da uku! Na so in nutse don kunya, amma matar nan ta gyara zama ta riƙa kallo ɗaya bayan ɗaya.

"A nan ruwa ne, ta yi tari," yana nuna mata. "A nan shayi ne, ta yi. A nan yogot ne, ba ta yi ba. Duk abu mai kauri ba ta yi."

Mama ta taɓe baki. Likita ba ta taɓe ba. Ta ce mu bi ta ɗakin hoto.

Aka zaunar da Ɗigo a wata 'yar kujera, aka ba ta wani farin ruwa ta kurɓa. A jikin allon na'urar muka ga inuwar wuyanta, muka ga ruwan yana gangarowa baƙi. Yawancinsa ya bi ta baya ya wuce. Sai wani ɗan siririn zare ya ratse ya bi ta gaba.

"Ga shi nan," mijina ya faɗa a hankali, kafin likita ta ɗaga hannu. Muryarsa ta karye. "Ga yoyon nan."

Da muka koma ofis likita ta zana mana a takarda. Hanya biyu ce a wuya, ta abinci da ta iska. Akwai ɗan murfi da ke rufe ta iska in za a haɗiya. Na Ɗigo yana makara, ruwa mai tsinkewa yana riga shi, sai ya zube a huhu. Abin da ke kawo mata ciwon ƙirji ke nan.

"Amma likita," Mama ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "shekaranjiya ta sha a hannuna, ko tari ba ta yi ba."

"Wannan ne ya fi ba mu tsoro, Mama. Tari yana ƙoƙarin fitar da shi ne. Wani lokaci yana shiga shiru."

Mama ta dubi tafin hannunta.

Likita ta rubuta maganin zazzaɓin da na ƙirji. Ta ba mu wani gari da za a riƙa kaurara mata abin sha da shi, ta nuna mana awonsa, ta ce kar mu ƙara kar mu rage. A zaunar da ita tsaye, kurɓi kaɗan-kaɗan, mu dawo bayan wata. Yara da yawa suna warwarewa in sun girma, in ji ta, in dai an kare huhun.

"Wa ya fara lura?" likita ta tambaya.

Ni ce na nuna mijina da hannu.

A barandar asibitin na kasa riƙe kukan.

"Wata takwas ina ce maka mahaukaci..."

"Ba ki ce mahaukaci ba, hauka kika ce ina yi."

"Ka yi min shiru in ba ka haƙuri, don Allah!"

"To, na yi."

"Ka yafe min, Injiniyana. Ka mai da ni gida."

Ya sa bakin hannun rigarsa ya share min fuska, a gaban mutane, ko kunya babu. "Gidan ma ya ƙi daɗi. Na gyara duk famfunan har da waɗanda ba su lalace ba."

Na yi dariya cikin kuka. Sai Ɗigo ta ja gyalen Mama tana cewa, "Uwa... uwa..." Ruwa take nufi.

Mama ta buɗe jakata ta zaro jan kofin nan. Ta zuba ruwa, ta auna garin yadda likita ta nuna, ta juya a hankali. Na zaci ita za ta ba ta. Sai ta taka har gaban mijina.

"Bakwai na raina," ta ce, hawaye na bin kumatunta, "na ɗauka ni ce na ƙware. Ashe jikata ce ke ta ƙwarewa a hannuna."

"Haba Mama, ai ba ki sani ba ne. Amma..."

Na taka masa ƙafa da iya ƙarfina.

Mama ta yi 'yar dariya ta goge ido da gefen gyale. Ta miƙa masa kofin da hannu biyu.

"Karɓi, ɗana. Wannan karon ni na ba ka."