Kajin da Ba Su da Wuya

Ƙarfe tara na safe wata mata ta shigo ofishin Sufeto da takalmin roba a ƙafa, tana warin ɗakin kaji.

"Ranka ya daɗe, an yi min sata. Kaji ɗari da arba'in."

Saje ya ɗauki biro. "Masu ƙwai ko na nama?"

"Matattu."

Saje ya ajiye biron.

Matar ta ce cuta ce ta shiga gonarta. An yi wa kajin allura har sau biyu, duk da haka suka zube. Ta fesa musu shuɗin fenti a ƙafa, ta zuba su a rami, tana jiran likitan dabbobi ya zo a ƙone. Shekaranjiya ke nan. Yau ta leƙa, rami wayam.

"Ba asara ta kawo ni ba," in ji ta. "Wanda ya kwashi mushe ba binnewa zai yi ba. Wani zai ci."

Sufeto ya miƙe, ya ɗauki makullin mota. Duk ofishin an san shi da maganar soyayyar kaza, har ana tsokanarsa. Abin da ba kowa ya sani ba, ba don bakinsa yake yi ba. Tun da aka sallamo matarsa daga asibiti, komai aka kai mata sai ta kawar da kai. Shago goma sha ɗaya ya zaga. Wani man ya yi baƙi kamar na injin niƙa, wani fulawa ce tuli a kan ƙashi, wani kuma ƙudan da ke wurin sun fi masu saye yawa. A na goma sha biyu, shagon wani da ake kira Mai Ƙamshi, ya dace. Ta cinye cinya guda har ta nemi ƙari. Wata biyu ke nan kullum sai ya tafi mata da ƙunshi.

A gonar, wari ne ya fara tarbarsu tun daga ƙofa. Maigadin wurin yana tsaye yana sosa ƙeya.

"Karnuka ne, yallaɓai. Sun addabe mu."

"Karnuka suka yaye tamfol ɗin da ke kan ramin?"

"Da haƙori ai suna ja."

"Suka kuma ninke shi gida huɗu, suka ɗora dutse a kai?"

Maigadi ya shiga kallon yatsun ƙafarsa.

A bakin ramin Saje ya tsinci wani buhun fulawa da ya yage, aka yar. Sufeto ya toshe hanci, sannan ya daure ya sansana. Ƙarƙashin ɗoyin akwai ƙamshin citta da kanumfari da wani abu mai ɗan zaƙi. Hancinsa ya gane haɗin nan take. Zuciyarsa ce ta ƙi yarda.

"Masu soya kaza da citta sun fi ɗari," ya ce, ko da yake ba wanda ya tambaye shi. "Sa maigadin nan a mota."

Daga nan suka wuce kasuwa, layin masu yanka da figar kaji. Shugabansu wani dattijo ne, gashin kaza har a gemunsa.

"Baba, cikin masu gidajen abinci, wa ya daina sayen kaji a wurinku?"

Dattijon ya lissafa da yatsu. "Mai shagon tasha yana zuwa. Matar nan ta bakin asibiti tana zuwa, sai dai ta cika ciniki. Mai Ƙamshi ne rabonmu da shi tun wata uku. Ya ce wai daga gona ake kawo masa."

"In an soya mushe, ana ganewa?"

"In ya sha yaji? Ko uwar kazar ba ta ganewa. Sai dai a wuya. Kazar da aka yanka da ranta, bakin yankan wagewa yake yi, jini ya fita tas. Mushe kuwa, ko ka sa wuƙa, yankan a tsuke yake, jinin ya daskare a ciki. Shi ya sa mai wannan ƙazantar wuya yake fara yarwa."

Sufeto ya dafa teburin figa, bai ma damu da jinin da ke kai ba. Wuya ne abin da matarsa ta fi so a jikin kaza. Sau nawa ya tambaya? Kullum amsa ɗaya ce: ya ƙare, an riga ka.

Da azahar shagon Mai Ƙamshi cike yake. Tebur a goge, ma'aikata da fararen huluna, layi har waje. Mai shagon ya taho da fara'a yana goge hannu.

"Yallaɓai da kansa! Yaya jikin Hajiya? A ƙunsa kamar kullum?"

"A'a, yau a nan zan ci. Kawo faranti biyu. Ɗaya naka ne."

Aka kawo, jawur, tana tururi. Da jiya ne, da tuni yawun Sufeto ya tsinke.

"Bismillah," in ji Sufeto.

"Ai na ƙoshi, yallaɓai."

"Tsoka ɗaya."

"Likita ya hana ni maiƙo."

"Wane likita? Ɗazu na ga kana cin soyayyen ƙwai da burodi a bayan kanta. Wa ke kawo maka kaji?"

"Wata gona ce can bayan gari."

"Kaza nawa ka soya yau?"

"Sittin."

"To ina wuya sittin?"

Fara'ar ta fara zamewa daga fuskarsa. Kafin ya haɗa wata ƙaryar, Saje ya leƙo ta ƙofar baya da hankici a baki, idanunsa sun yi ja.

"Oga, zo ka gani. Ni dai na yi amai sau ɗaya, ba zan koma ba."

A bayan kicin akwai wani duro da aka danne murfinsa da bulo. Sufeto ya ɗaga. Wuya ne da ƙafafu maƙil, tsutsa na yawo a kai, kowace ƙafa da shuɗin fenti. Kusa da shi babban baho ne, kaji na jiƙe a cikin ruwan citta da lemon tsami, fatarsu ta fara yin kore.

Da aka shigo da maigadin gonar daga mota, Mai Ƙamshi ya zauna a ƙasa daɓas.

"Da ɗaya biyu muka fara," ya ce. "Waɗanda ke mutuwa kullum a gona, shi yake ajiye min. Wallahi kasuwa ce ta yi tsada. Kuma ai wuta tana kashe komai."

"Shi ya sa ba ka ci?"

Saje ya fita gaba yana ƙwace faranti daga hannun mutane. Wata mata ta tofar da loma a tafin hannunta tana salati.

Da ankwa ta shiga hannunsa, Mai Ƙamshi ya matso, ya rage murya kamar mai neman a gode masa.

"Yallaɓai, ka duba min. Na san Hajiya ba ta da lafiya. Nata da hannuna nake zaɓa, cikin waɗanda ba su kumbura ba."

Sufeto ya ja da baya. A shekara ashirin da biyu na aiki ya kama ɓarayi, ya kama masu kisa, bai taɓa jin ƙyamar taɓa mutum irin ta yau ba.

"Saje, fitar min da shi."

Ana tura shi cikin mota wayar Sufeto ta yi ƙara. Matarsa ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baban yara, in ka biya wurin mutuminka, ka ce ya taimaka ya ajiye min wuya yau."

"Kin ci ragowar ta jiya?"

"Yanzu nake ɗumamawa."

"Sauke ta. Kada ki ba ko kyanwa. Ki sa mayafinki, ga ni nan zuwa, asibiti za mu koma."