Shatin Roba a Ƙirjin Hisham

Ranar da Mu'inuddeen ya fara ganin Zulfa, a rungume ya shigo da mahaifinsa wani ƙaramin asibiti a unguwar Mokola. Alhaji Ya'u na dafe da ƙirji, zufa ta jiƙe shi sharkaf. Aka ja labule, aka bar Mu'inuddeen a waje. Can sai ga wata doguwar budurwa ta fito da siririyar takarda mai zane kamar haƙoran zarto.

"Kai ne ɗansa? Duba nan. Da ɗan lantarki zuciya ke bugawa, shi na'urar ECG ke zanawa. Bayan kowane tsini layin kan sauko ya kwanta, na Baba kuwa ya maƙale a sama. Likita ya ce jijiya ce ta toshe. Ku wuce babban asibiti yanzu."

Allah ya tashi kafaɗar Alhaji. Mu'inuddeen ya kai kwandon tumatir na godiya daga rumfarsa ta kasuwar Shasha, daga nan ƙafarsa ta saba da zauren Malam Isiyaku, mahaifin Zulfa. Kafin damina ta wuce, manya sun kai goro.

Matsalar a shagon tela ta faro. Mu'inuddeen ya je awon kayan angwanci, ya tarar da Hisham, wanda ya taɓa neman Zulfa, ya tuɓe riga zai gwada kaftani. A ƙirjinsa ga jajayen shati guda shida, zagaye, a jere har ƙarƙashin hammata. Mu'inuddeen ya san su, irinsu robar na'urar ta bari a jikin Alhaji.

"Daga wajen mutuniyarka nake," in ji Hisham, yana ɗan murmushi.

Ko awon bai tsaya an gama ba. A kan babur ɗin okada ya rubuta wa Zulfa:

"Zuzu, me Hisham ke zuwa yi wajenki?"

"Mu'ina, ba na faɗin sirrin mai jinya. Ka ci abinci?"

Abinci? Wunin ranar hannunta kawai yake gani a ƙirjin wani. Da mako ya zagayo aka ce masa an sake ganin Hisham a Mokola, sai ya tura saƙon da ya fi ƙarfin bakinsa:

"Ko ni ko aikin nan. Ba zan auri mai taɓa ƙirjin maza ba."

Malam Isiyaku ne ya amsa, ta bakin ɗan aike: shanunsa ya sayar ya karantar da 'yarsa, in ba a janye wannan magana kafin Juma'a ba, za a mayar da goro.

"Aikin da ya bar maka uba da rai kake so ta bari?" in ji Alhaji Ya'u, ya juya masa baya.

Duk da haka kishin bai sake shi ba. Ranar Alhamis ya dafe ƙirji da gangan, ya je asibitinsu Zulfa ya yanki kati. So yake ya ga yadda take yi wa maza da idonsa.

Yana kwance aka ɗaga labule. Wani dattijon Bayarabe ne, da reza a hannu.

"Oya, cire riga."

"Ina Zulfa?"

"Sista na mata ne. Maza kuwa nawa ne, ni Baba Ajadi, tun kafin a haife ka. Ita takarda kawai take karantawa ta kai wa likita. Kai, wannan gashi! Roba ba za ta kama ba."

Ya aske shi fage-fage, ya manna robobin.

Da ya fito, Hisham na zaune a benci kusa da mahaifiyarsa. Sai yanzu Mu'inuddeen ya lura da yadda Hisham ya rame.

"Kai ma Baba Ajadi ya kama ka?" Hisham ya yi dariya, numfashinsa na sarƙewa. "Wani zazzaɓi ne ya taɓa min tsokar zuciya. Ko ƙwallo an hana ni. Tsokanarka na yi rannan, ka yafe."

Zulfa ta iso da takardar Mu'inuddeen, fuska a ɗaure.

"Kowane layi ya sauko ya kwanta. Ba tabo, ba toshewa. Gudu kawai zuciyar take yi, kamar ta marar gaskiya."

"Zuzu, na yi wauta."

"Ka yi. Da ka tambaye ni wa ke manna robar, ai wannan ba sirri ba ne."

"Na janye. Yau zan je in durƙusa gaban Malam."

"Ka je da rigarka a ɓalle, ya ga abin da kishi ya yi maka." Dariyar da take dannewa ta kufce mata.

Bayan Sallar layya aka ɗaura aure a unguwar Sabo. Hisham ya zo, aka ba shi kujera a inuwa. Baba Ajadi ya iso sanye da babbar rigarsa ta agbada, ya riƙe hannun ango ya raɗa masa, "Gashin ya fito?"

Alhaji Ya'u ya ɗora tafinsa a kan amarya, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata, ya albarkaci aikinki. Shi kuma wannan, Allah ya sassauta masa."

Duk zauren ya amsa da amin, muryar ango ta fi ta kowa.