Hoton da Aka Rataye a Juye

Wata biyu da rasuwar 'yar tela, ƙungiyarsu ta masu sha'awar ɗaukar hoto ta baje hotunanta a zauren wata makaranta. Uban ya kasa zuwa cikin jama'a. Sai da duhu ya shiga ya karɓi makulli wajen shugabar ƙungiyar, ya je shi kaɗai.

Yana tsaye gaban hoton wasu bishiyoyi na bakin tafki, hawaye na sauka a gemunsa, sai ya ji ƙamshin man kitso. Wata mace ce a lulluɓe kusa da shi, alhali da hannunsa ya kulle ƙofar. Fitila na bisa kansu, amma inuwarsa kaɗai ce a ƙasa.

"Baiwar Allah, ai an tashi," in ji shi.

Ba ta juyo ba. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, kamar daga bayan bango.

"A juye suka rataye shi. Ba bishiyoyin na ɗauka ba, inuwarsu ce cikin ruwa."

Ya juyo ya dube ta.

"Gyara min mana, Baba. Ka san hannuna ba ya kaiwa."