Jar Hular Kotone

Kiɗan yamma ya tashi daga lasifikar gari, wanda ake sakawa kullum don yara su bar wasa su koma gida, Sumire kuwa tana tsaye a kicin tana motsa miyar miso, wato daddawar waken suya. Ƙafafunta ciwo suke har cinya. Ranar ce suka fara kai 'yarsu Kotone hawan dutse, a gandun shaƙatawar da ke bayan gari, yarinyar da ba ta daɗe da cika shekara biyu ba. Ta taka da ƙafarta iya inda za ta iya, ta tsinci jajayen ganye ta cika aljihu, ta ci dunƙulen shinkafa rabi a baki rabi a riga, sauran hanyar kuma ubanta Norio ya ɗauke ta a wuya. Ga shi can yanzu kwance a tabarma yana ba uwarsa labarin jarumtarsa, kai ka ce shi ya fara gano dutsen.

Kiɗan bai gama mutuwa ba wani abu ya faɗo a kan rufi. Ya gangaro a hankali, ya faɗi a ƙofar gida. Sai wani ya biyo shi. Sai wani kuma.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji Norio, ko motsi bai yi ba.

"Wane maƙwabcin ne da yaro a layin nan?" in ji uwarsa, Kaka Fumie. "Duk tsofaffi ne, sai kai da ka ƙi girma."

Sumire ta zuge ƙofa ta leƙa. Ba kowa, sai duhu da ya fara taruwa a gindin itatuwa. Abin da ya faɗo duwatsu ne ƙanana masu sulɓi irin na bakin rafi, jiƙe sharkaf, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi a gari ba. Kuma ba a warwatse suke ba. An ɗora su ɗaya bisa ɗaya a kan dakalin ƙofa, tsaf, kamar aikin wanda ba ya sauri. Da ta juyo sai ta ga Kotone tsaye a bayanta, idonta a kan hanya, ta karkata kai irin na mai sauraro.

"Na'am," in ji yarinyar.

Ba wanda ya kira ta.

Daga ranar gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da kiɗan ya tashi sai jifa ta fara, jikin Kotone kuma ya ɗauki zafi kamar an sa ta a kan murhu, ba ya sauka sai gari ya waye. An kai ta asibiti, aka auna nan aka auna can, aka ce ba a ga komai ba. Maganar jifa kuwa, Norio ya ce hankaki ne. Da aka ce masa hankaka ba ya jera dutse, ya ce to birai ne. Ya zauna gadi a ƙofa da tocila da kofin shayi, dutse ya faɗo cikin kofin, ya tattara ya shigo ciki.

Abin da ya fi tsorata Sumire shi ne tarin duwatsun ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau yana kan dakali, gobe yana cikin gida inda ake cire takalma, jibi ya zo tsakiyar baranda. Kullum sai ya matso kusa da ɗakin da yarinyar take kwana. Kotone ta daina cin abinci, ta daina dariya, kumatunta suka faɗa. Wata magariba Sumire tana riƙe da ita sai ta ji murya ta bayan ƙofar ɗakin, irin ta katako da takarda, siririya, ta yaro ƙarami, tana maimaita sunan 'yarta a hankali kamar mai ɗanɗana wani abu mai zaƙi. Ta rungume yarinyar har sai da ta yi ƙara. A wannan lokacin Sumire ta san abin nan ba tsoratarwa ya zo yi ba, ɗauka ya zo yi.

Kaka Fumie ce ta gano bakin zaren. Tana ninke wanki ta ɗago kai ta ce, "'Yar nan, ina jar hular Kotone? Tun da kuka dawo ban gan ta ba."

Sumire ta ba ta labari. Kusa da ƙololuwar dutsen, a bakin rafi, akwai jerin gumakan Jizo, 'yan ƙananan nan masu kula da yaran da suka mutu, kowanne da hularsa da ƙyallen wuyansa. Na ƙarshe ne kaɗai kansa a buɗe, hazo ya jiƙa shi. Kotone ta tsaya a gabansa ta ce "sanyi", ta cire hularta ta ɗora masa. Su kuwa daɗi ya kashe su, suka tafa mata, Norio har da ɗaukar hoto, yana cewa tausayin nan shi ta gado.

Hannun tsohuwa ya tsaya a kan wankin. "Da suna a ciki?"

Ina za a rasa suna? Gidan renon da ake kai Kotone ba ya karɓar ko safa sai da sunan yaro a jiki. Sumire da hannunta ta ɗinke shi a cikin hular, da farin zare.

"Wayyo ni," in ji Kaka Fumie, muryarta ta shige ciki. "Ku yaran birni ba ku tambaya. Hulunan nan kin ɗauka ado ne? Uwa ba ta kai kayan ɗanta wurin nan sai bayan ya mutu, don Jizo ya shinshina ya gane shi a can. Ku kun ɗauki na mai rai, da sunanta, kun miƙa da hannunku, har kuna tafi."

Da sassafe Norio ya hau dutsen da gudu. Ya dawo yana haki, gwiwarsa duk laka. Ya ce hular tana nan, amma ta koɗe ta yi gansakuka kamar ta shekara goma a wurin, da ya taɓa ta sai ta zube a hannunsa. Zaren sunan kuwa babu shi. Daga nan bai ƙara maganar birai ba, shi da kansa ya je ya ɗauko Malam Enkai.

Malam Enkai tsoho ne mai kula da ɗan haikalin da ke gindin dutsen, mutum marar yawan magana, wanda ya yi shekaru yana karatu da azumi a cikin duwatsu. Ya iso da sauran rana, da sandarsa mai zobba da dogon carbinsa. Ya dubi tarin duwatsun, wanda yanzu yake daidai bakin shimfiɗar Kotone, bai taɓa shi ba. Ya sa aka kawo gishiri da ruwa, ya zagaye shimfiɗar da su, ya zauna ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Hasken taga ya yi ja, ya koma toka-toka. Ba wanda ya tashi ya kunna fitila.

Kiɗan ya tashi. Kotone, wadda tun safe ko kai ba ta iya ɗagawa, ta miƙe zaune, ta naɗe ƙafa, ta zuba wa tsohon ido.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Kotone." Muryar ta yarinyar ce, amma maganar a miƙe take, ba irin ta ɗan shekara biyu ba.

"Ƙarya kake. Kotone ga ta nan ka zauna a cikinta. Kafin hular wa ake ce maka?"

Muryar ta amsa a hankali.

"Ba a ce mini komai. Ban kai a sa mini suna ba. Sauran duk ana zuwa a kira su, su tashi da gudu. Ni ina zaune a ƙarshe. Ran nan aka kawo mini nawa."

"Ba naka ba ne. Kuskure aka yi."

"An ba ni. An tafa." Idon yarinyar ya koma kan Sumire. "Amma kullum sai ta kira a nan, in ji a can, in taso da gudu, in tarar ba ni ake nufi ba. Na gaji. Zan tafi da wannan, sai uwar ta riƙa zuwa can tana kira, mu amsa tare."

Norio ya yunƙura zai tashi, uwarsa ta danne shi da hannu ɗaya. Sumire kuwa tsoro ne ya cika ta, amma a ƙarƙashin tsoron akwai tausayi, ta kuma tsani kanta da ta ji shi.

Malam ya shiga ciniki. Ya ce za a saƙa masa sabuwar hula. Ya ƙi. Ya ce za a riƙa kai masa shinkafa da alewa, a yi masa karatu a haikali. Ya ƙi. Ya ce to shi da kansa zai raɗa masa suna mai kyau, a sassaƙa a jikin dutse.

"Sabo ba shi da ɗumi," in ji muryar. "Wannan an sha kiransa."

Tsohon ya ajiye carbinsa, ya juyo wajen Sumire. "Baiwar Allah, na yi iyakar yina. Abu biyu ne ke ɗauke da sunan nan, ɗaya sai ya saki. Ko ki ba shi 'yar, ko ki ba shi sunan."

Mahaifiyar Sumire ce ta zaɓi sunan, tana kan gadon asibiti, hannunta a kan cikin 'yarta, ta rasu ba ta ga jikar ba. Shi ne abu na ƙarshe da ta bari. Sumire ta juya wajen yarinyar ta ce:

"Ɗauki sunan. Bar mini 'yata."

"Sai kin riƙa zuwa kina kirana. Kullum."

"Sau ɗaya a shekara, idan ganye ya yi ja," in ji Malam, ya buga sandarsa a ƙasa zobban suka yi ƙara. "Kai kuma ba ka ƙara saukowa."

"Na yarda. Amma kada a sake kiransa a gidan nan. Idan aka kira, zan zo, kuma ba zan koma ni kaɗai ba." Yarinyar ta karkata kai. "Kira ni sau ɗaya in tafi."

Sumire ta dubi fuskar 'yarta, ta kira sunan, tana sane da cewa ba ita take kira ba.

"Na'am, Mama."

Tarin duwatsun ya rushe, suka gangara ko'ina a kan tabarma. Yarinyar ta sulale, Sumire ta tare ta, ta ji zufa tana karyo mata, jikin yana sanyi a hankali. Can ta buɗe ido ta ce tana son shinkafa.

Kaka Fumie ta sa wa yarinyar sabon suna, Tamaki. Sumire ta yi kwanaki zaune da reza tana warware zare daga riguna, da safa, da tawul, da jakar gidan reno, tana kuka ba sauti. Da farko idan an ce Tamaki sai yarinyar ta waiga ta ga wa ake kira. Kafin sanyi ya wuce ta saba. Yaro ba ya riƙe abu, uwa ce ke riƙewa. Sau da yawa sunan yakan zo wa Sumire har bakin leɓe, idan yarinyar ta nufi titi da gudu ko ta kusanci wuta, sai ta ciji harshenta har ta ji gishirin jini.

Tamaki ta girma lafiya. Ta shiga makaranta, ta yi tsawo, muryarta ta canza, ta fara rufe ƙofar ɗakinta, ta koma amsa kiran uwarta da "Me kuma?" Ba ta san an taɓa kiranta da wani suna ba, ba a kuma sake kai ta dutsen ba.

Sumire ce kaɗai ke hawa duk shekara idan ganye ya yi ja. Takan tsaya a gaban gunkin ƙarshe ta kira, daga bayan rafi kuma a amsa mata da muryar 'yarta ta shekara biyu, wadda ba ta ƙaru ba ko kaɗan. A shekarun farko da ta ji amsar take juyawa da sauri. Yanzu ta daina sauri. Bara sai da Norio ya hau da tocila ya same ta zaune a ƙasa kusa da gunkin, duhu ya rufe, tana ta kira ana amsawa. Ya kama hannunta ya ce su tafi gida, yarinya tana jira.

Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Wacce?"