Malamin da Ya Juya wa Aji Baya

Ranar da Malam Mujahid ya fara ganin Malama Radiyya, tana tsaye a ofishin malamai na wata sakandare a Karaye, hannunta duk alli, tana musu da shugaban makaranta. An tara malamai ne su tsara manhajar sabon zango, shi kuma daga Rogo aka turo shi ya jagoranci aikin.

"Ranka ya daɗe, ba ta hanya ɗaya yara suke ɗaukar karatu ba," in ji ta.

Mujahid ya rubuta maganar a littafinsa. Daga baya ya ce saboda aiki ne ya rubuta, amma babu wanda ya yarda.

Kafin wata biyu saƙonni sun fara kai-komo.

"Malamata, na bi ta Tudun Kaya, gyaɗa ta yi kyau, amma ke nake ta tunani."

"Malamina, ka bar tunanin sai ka sauka daga babur."

Har iyayensa sun fara shirin zuwa gaisuwa sai abin ya ɓaci. Cikin aikin sabuwar manhajar, Mujahid ya raba ɗaliban makarantar rukuni uku don kowa ya samu darasin da ya dace da shi, kuma da shifta ya gwada su. Yana karantawa yana kai da kawowa, rabin lokacin ya juya musu baya yana goge allo. Safiyatu, ƙanwar Radiyya, ta miƙa takarda kusan babu komai a kanta. Ya yi mamaki, amma ya ga adalci shi ne kada ya ɗaga mata ƙafa. Ya sa ta a rukunin masu komawa koyon baƙi, aka liƙa sunayen a bango.

Mahaifinsu, Malam Abdulmumini na Unguwar Hajji, manomi ne mai gudun abin magana. Ranar ya cire Safiyatu daga makaranta, ya aika Rogo cewa a dakata da zuwa.

Kwana shida Radiyya ba ta ɗauki wayarsa ba. Mujahid ya rame, abinci ma sai an matsa masa. A rana ta bakwai saƙo ya shigo.

"Baba ya hana mu faɗa wa kowa, yau na saɓa masa. Sanƙarau ya taɓa kunnen Safiyatu tun tana shekara tara. Bakin mutum take kallo ta gane maganarsa. Kullum kuka take, tana son makarantarta. Ina son ka, amma ba zan shiga ɗaki in bar ta a haka ba."

Mujahid ya tuna bayansa da ya juya wa aji, kunya ta rufe shi.

Bayan la'asar ya sami Malam Abdulmumini a zaure. Ya durƙusa ya gaishe shi, dattijon ya amsa a taƙaice.

"Ka liƙa sunan 'yata a bango cikin waɗanda ba su san baƙi ba. Me kuma ya rage?"

"Baba, ba maganar aure ce ta kawo ni ba. Laifina na zo gyarawa."

Ya buɗe masa sabon tsarin da ya rubuta wa makarantar. An daina liƙa suna a bango. Kowane malami, a kowane aji, zai fuskanci ɗalibai idan yana magana, ya kuma rubuta tambaya a allo.

"Don kowa aka yi dokar, Baba. Babu wanda zai nuna ta da yatsa."

Dattijon ya gane cewa asiri ya fita. Ya sunkuyar da kai.

"Tsoro nake kada a riƙa ce mata kurma har ƙarshen rayuwarta."

"A ba ni dama in sake yi mata shiftar a gabanka."

Aka kira Safiyatu. Mujahid ya zauna yana fuskantarta, ya karanta a natse. Ta cika shafi guda, kuskure biyu kawai aka samu. Malam Abdulmumini ya riƙe takardar, hawaye na sauka a gemunsa.

"Litinin ta koma," in ji shi. Sannan ya ƙara, "Ka ce wa kawunnanka ina jiran su."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure. Da aka shafa fatiha, guɗa ta tashi a cikin gida, Safiyatu tana ta duban fuskoki don ta gane ko an gama. Da ango ya shigo gaida iyaye mata, Radiyya ta ce masa a hankali, "Malamina, ga ɗalibarka can."

Ya je gabanta ya tsaya, ya bari ta ga bakinsa sosai.

"An ɗaura, ƙanwata."

Ta yi dariya tana share hawaye. "Na ji, Yaya. Allah Ya ba da zaman lafiya."

Duk ɗakin ya amsa da amin.