Tsohuwa da Shuka Mai Yaɗo

A can wani zamani an yi wata tsohuwa, 'ya'yanta duk sun yi nisa. Ba ta da abokin hira sai shuka mai yaɗo a kasko cikin ɗakinta. Kewa ta taso, ta zuba mata ruwa. Kewa ta ƙara tasowa, ta ƙara mata ruwa, har ganye ya koma rawaya.

Maƙwabciya ta leƙo, ta taɓa ƙasar, ta ce, "Iya, saiwar na ruɓewa. Ki bari ta bushe tukuna."

"In kewa ta taso fa, 'yar nan?"

Maƙwabciya ta koma gidanta.

Kewa ta taso. Tsohuwa ta ɗauki buta, sai ta ajiye. Kwana bakwai tana ɗauka tana ajiyewa. Ran na takwas ɗan koren ganye ya ɓullo. Ta waiga don ta nuna wa wani, ba kowa.