Gaɓa ta Bakwai

Rana ta faɗi, tsakar gida ta yi shiru. Mai Gora yana zaune kan kujerar gora da ya haɗa da hannunsa, yana wasa adda. Matarsa tana kwashe shanya. Auta, 'yarsu da ta rage a gida, tana naɗe ɗinkin da ta yini a kai. Sai wani abu ya faɗo tsakaninsu, tim.

Matar ta ɗauka ta jujjuya shi. "Baban Auta, yanzu har siminti kake kwaso mana? Gorar ba ta ishe mu ba?"

Ya karɓa ya duba. Dunƙulen siminti ne, dogo, mulmulalle, daidai faɗin cikin gora. Ya san irinsa. Wata uku ke nan yana aikin babban ɗakin karatu da ake gina wa jama'a, ginshiƙai da rufi duk na gora. Injiniyan wurin ya zo da dabarar zamani: duk inda ƙarfe zai ratsa, a huda gaɓar a ɗura mata siminti don kada ta tsage.

Na biyu ya faɗo. Na uku ya fasa randa. Aka leƙa bayan katanga, ba kowa.

Kashegari da almuru aka sake. Rana ta uku aka nemi Auta aka rasa, sai aka same ta a matse tsakanin kabad da bango, a tsaye ƙyam, hannuwa a manne da jiki. Numfashinta yana fita siriri kamar zai tsinke. Maza uku suka ja ta, ko gezau. Daga cikin ƙafar kujerar ubanta kuma ana jin ƙwanƙwasa a hankali, sau uku, a tsaya, a sake.

Aka ɗauko wani tsohon malami da ya san aikin aljanu. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta karatu har duhu ya fara shiga ɗakin. Sannan bakin Auta ya buɗe, murya ta fito, ta tsohuwar mace.

"Malam, rage wutar karatun nan. Ba da kai nake ba."

"Da wa kike?"

"Da wancan mai addar. Tambaye shi, me ubansa ya koya masa kafin a sari gora?"

Mai Gora ya sunkuyar da kai. "A ƙwanƙwasa da bayan adda sau uku. A saurara."

"Don me?"

"Don a ji ko ta ƙosa."

"Kai ke nan abin da ka sani. Mu kuwa da muke zaune cikin gorar, da shi muke sanin za a sara, mu kwashe 'ya'yanmu. Shekara arba'in kana yi, ba mu taɓa faɗa ba. Bana ka zo da zarto mai inji, kana sauri, ɗana yana barci a ciki. Kuka kai shi gininku, kuka toshe gaɓar sama da siminti, kuka toshe ta ƙasa. Ginshiƙin tsakiya, gaɓa ta bakwai. Kwana talatin yana ƙwanƙwasawa. 'Yarka ma sai ta yi talatin."

Uwar Auta ta fashe da kuka. "Baiwar Allah, ke ma uwa ce. Kwana talatin a haka ai gawa za mu ɗauka."

Muryar ta ce, "To."

Malam ya ce, "Yarinyar nan allura take riƙewa, ba zarto ba. Ki ji tsoron Allah. Za a buɗe miki ɗanki gobe."

"Buɗewa dole ce, ba alfarma ba. Wa zai biya kwana talatin ɗin?"

Mai Gora ya matso.

"Ni na sara. Ki ɗauka a jikina."

Idanun Auta suka juyo kansa, suka daɗe. "Hannu ba ya da laifi, aikinsa ya yi. Kunnen da ya ƙi saurare, shi nake so."

Malam ya ɗaga murya zai ci gaba da karatu. Mai Gora ya dafa masa gwiwa. "Bar ta, Allah gafarta malam. Na yarda."

Kashegari da hantsi ya shiga ginin da ƙaramin zarto. Injiniya ya sha gabansa.

"Baba, lafiya? Jibi za a buɗe wurin nan! Ginshiƙin nan ne ya ɗauki rufin!"

"Sa a tokare shi."

Ya hau tsani, ya ƙirga gaɓoɓi, ya yanka taga kamar tafin hannu. Wata iska mai zafi ta fito ta wuce ta gefen fuskarsa. Ya ga bakin injiniya yana motsi, yana nuna rufi, amma bai ji komai ba. Bai sake ji ba.

A daidai lokacin Auta ta zube ƙasa a gida, ta ja dogon numfashi, ta ce a ba ta ruwa.

An buɗe ɗakin karatu. Ramin yana nan a ginshiƙin tsakiya, don duk abin da aka liƙa masa faɗowa yake yi. Mai Gora bai bar sana'a ba. In zai je sara, Auta takan ajiye ɗinki ta bi shi. Shi ya ƙwanƙwasa sau uku, ita ta kara kunne, shi kuma ya tsaya yana kallon fuskarta har sai ta gyaɗa kai.